Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Akwatin Lasifika Mai Doguwar Hanya a Gida

Masu sha'awar haɗa kayan sauti da hannunsu sun daɗe suna tambayata yadda ake gina ƙaramin akwatin lasifika irin wanda masu sana'ar ke rubutawa da haruffan TL, wato wanda sautin da ke fita ta bayan lasifikar yake bin wata doguwar hanya da aka naɗe a cikin akwatin kafin ya fito ta wata kafa. Abin da ke jan hankalinsu shi ne yadda lasifika mai faɗin inci 4 kacal take ba da bes mai zurfi da tsabta idan an gina mata irin wannan akwati daidai. Zan bi aikin daki-daki da misali guda da dukkan ma'aunansa. Sai dai a sani tun farko cewa wannan akwati na sauraro ne a ɗaki ko a falo, ba zai yi aikin biki ko na taro ba. Kuma jerin matakan yana da muhimmanci ƙwarai: lasifika ake fara samu, daga ita ake yin lissafi, sannan a taɓa katako.

1. Zaɓen lasifika

A nemi lasifika guda biyu iri ɗaya, masu inci 4, irin waɗanda ke ɗaukar sautin ƙasa da na sama gaba ɗaya ba tare da buƙatar ƙaramar lasifikar sama ba. Kamfanoni irin su Markaudio, Tang Band, Dayton Audio da Visaton suna yin su, kuma kowace tana zuwa da takardar bayananta. Lambobi huɗu ake dubawa a takardar. Fs shi ne yawan kaɗawar da takardar lasifikar, wato faifan gabanta mai motsi, take yi a daƙiƙa ɗaya idan an bar ta a kan ɗabi'arta. Da Hz ake auna shi, kuma ana son ya kasance tsakanin Hz 60 da 80. Qts yana nuna ƙarfin riƙon da maganaɗisu yake yi wa motsinta, kuma tsakanin 0.35 da 0.6 ya fi dacewa da wannan aiki. Sd shi ne faɗin fuskar da ke tura iska, wanda a lasifikar inci 4 yakan kai kusan murabba'in santimita 50. Vas kuwa yana nuna girman akwatin da take buƙata; idan ya yi yawa, ƙaramin akwati ba zai wadatar da ita ba.

Gargaɗi: kada a sayi lasifikar mota ko wadda aka ciro daga tsohuwar rediyo don wannan aiki. Yawancinsu ba su da takardar bayani, kuma na mota an yi su ne don su yi aiki a jikin ƙofa, ba a cikin hanyar da aka auna ba. Duk lissafin da ke tafe ya dogara ne ga sanin Fs, wanda bai san shi ba kuwa cinta kawai zai yi.

Da zarar lasifikokin sun iso, a auna om ɗin kowace, wato yawan tirjewar da take yi wa lantarki, da mitar masu gyaran lantarki. Mai lambar om 8 za ta nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 kuma wajen 3 zuwa 3.5, kuma wannan ba matsala ba ce. A haɗa su da amfilifaya a bar su suna aiki da matsakaiciyar murya na wasu sa'o'i don gefen takardar ya saki, yayin da ake sauran shirye-shirye.

2. Lissafin tsawo da faɗin hanya

Tsawon hanyar rubu'i ne na tsawon igiyar sautin Fs. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka sai a raba 343 da ninki huɗu na Fs. Idan Fs ya kasance 70, ninki huɗunsa 280 ne, amsar kuwa mita 1.22. A yanayin zafi irin namu gudun sauti yakan kai wajen 350, amma bambancin bai kai a sake lissafi saboda shi ba.

Wannan tsawo na hanyar da faɗinta yake ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Idan aka sa hanyar ta fara da faɗi a rufaffen ƙarshenta tana tsukewa har zuwa bakin fita, sai ta yi aikin doguwar hanya alhali ta fi ta gajarta, kuma wannan ne sirrin ƙanƙantar akwatin. Idan farkon ya ninka bakin sau uku, ana rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawon, sai mita 1.22 ya koma kusan mita 1. Za mu ba farkon hanyar ninki uku na Sd, wato kusan murabba'in santimita 150, bakin fita kuma daidai da Sd, wato kusan 50. Iskar da ke cikin akwatin za ta kama kusan lita 10.

Saura wurin da lasifikar za ta zauna, kuma a nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, domin sukan ɗora ta a can ƙarshen hanyar. Doguwar hanya ba sauti ɗaya kawai take ƙarfafawa ba. Tana da wasu sautuka a sama da shi da take kumburawa, mafi damuwa a cikinsu shi ne na biyu, wanda ke sa muryar namiji ta fito kamar daga cikin bututu. Idan aka ajiye lasifikar a sulusin hanyar daga rufaffen ƙarshe, wannan sauti yana raguwa sosai tun kafin a sa auduga. A misalinmu, santimita 33 ke nan.

Wanda lasifikarsa ta bambanta da wannan misali, musamman a Vas ko Qts, ya dace ya shigar da lambobinta a manhajar Hornresp, wadda kyauta ce kuma tana aiki a kan Windows, ya ga yadda sautin zai kasance kafin ya yanka komai. Ninka Sd da muka yi mafari ne mai kyau ga lasifikar da ta faɗa cikin iyakokin da aka ambata, amma manhajar ta fi shi tabbas.

3. Kayan aiki da kuɗin da za a kashe

Rabin fallen filawud mai kaurin milimita 12, wato santimita 122 a kan 122, ya isa akwati biyu har da saura. Ana buƙatar farin gam na kafinta irin su Top Bond, ƙananan sukurori, samfefa, waya mai kauri matsakaici, matattarar waya ta bayan akwati, dalma da ƙarfen narka ta, siririn soso mai manne da ake liƙawa a bakin taga, ragar sauro ta waya, da audugar roba irin ta cikin filo kamar giram 150. A ɓangaren kayan hannu kuwa akwai tef na awo, sikwaya, fensir, injin huda, zarton lantarki mai iya yanka da'ira, magagari, da ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Idan babu ƙarfen matse katako na kafinta, tsohon tub na babur da aka yanyanka tsiri-tsiri yana matsewa da kyau idan an nannaɗe shi da ƙarfi.

Game da kuɗi, lasifikokin ne za su ci kaso mafi girma, domin daga waje ake kawo su kuma farashinsu yana bin dala. Ra'ayina shi ne kada a yi tsimi a nan, a yi shi a wajen fenti da ado. Masu sayar da katako da yawa ba sa raba falle, saboda haka ya fi sauƙi mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi guda. A ware kuɗin yanka a wajen masu inji, a kuma jinkirta sayen kwayil da rezisto, ƙananan kayan lantarki masu rage kaifin sauti, har sai gwaji ya nuna ana buƙatarsu. Wayoyi, dalma da ƙananan amfilifaya ana samunsu a manyan kasuwannin kayan lantarki irin su Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas.

Gargaɗi: a duba gefen filawud ɗin kafin a biya. Idan akwai ramuka tsakanin faifayensa, iska za ta riƙa kaɗa su su yi zuzu. Ana iya amfani da MDF, amma yana kumbura idan ya sha laimar damina, kuma ƙurarsa tana da illa ga huhu, don haka dole a sa takunkumi lokacin yanka shi da goge shi.

4. Yankan katako

Tsarin cikin akwatin shi ne kamar haka. Faɗinsa na ciki santimita 14, tsayinsa na ciki 50, zurfinsa na ciki 15.2. Wani allo guda a karkace yana raba shi gida biyu: hanyar tana farawa daga ƙasa ta gaba, ta hau sama ta bayan lasifikar, ta ƙetare kan allon, ta gangaro ta baya, sannan ta fita ta ƙasan bayan akwatin.

Ga kowane akwati ana buƙatar gefe biyu masu santimita 52.4 a kan 17.6, da allon gaba guda mai 52.4 a kan 14. Baya ɗaya mai 47.7 a kan 14. Sama ɗaya mai 15.2 a kan 14. Ƙasa ɗaya mai 16.4 a kan 14; da allon tsakiya mai 43 a kan 14. Tunda guda biyar ɗin nan duk faɗinsu 14 ne, a roƙi mai inji ya saita injinsa sau ɗaya ya fitar da dukkan tsirin santimita 14 a jere ba tare da ya taɓa saitin ba, daga baya a gutsuttsura su. Idan ɗaya ya fi sauran ko da milimita ɗaya, gefen akwatin ba zai kwanta a kansu duka ba, iska kuma za ta sami hanya.

Gargaɗi: abin da ake sayarwa da sunan rabin inci ba kullum yake cika milimita 12 ba. A auna kaurin da aka samu, a gyara ma'aunan waje bisa ga shi. Ma'aunan ciki su ne ba a taɓawa.

5. Ramin lasifika

A kan allon gaba, a auna santimita 34.2 daga ƙasan allon, wanda shi ne 33 daga daɓen ciki, a yi alama a tsakiyar faɗinsa. Faɗin ramin yana cikin takardar bayanan lasifikar, kuma gara a yanka shi ya ɗan matse a buɗa da magagari da a yanka ya yi yawa. Bayan haka a juya allon, a fereye bakin ramin ta ciki a karkace, ana barin wuraren da sukurori za su shiga da kaurinsu. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali ƙaramar lasifika tagogin bayanta ƙanana ne, kuma idan kaurin katako ya toshe su sautin tsakiya yakan shaƙe. A huda ramukan sukurori tun yanzu, a kuma huda wurin matattarar waya a allon baya, wajen tsakiyarsa.

6. Haɗa jiki da allon tsakiya

A kwantar da gefe ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen tebur, a zana dukkan tsarin ciki a kansa da fensir kafin a buɗe gam. A daɓen ciki, fuskar gaba ta allon tsakiya za ta kasance santimita 10.5 daga allon gaba, ta baya kuma ta bar 3.5. A can samansa, gaba 7 baya 7, kuma tsakanin kansa da rufin akwatin 7. A goge gindin allon da magagari ya ɗan karkace don ya zauna daram a kan daɓen, a kuma zagaye kansa na sama da samfefa don iska ta juya ba tare da ta ci karo da kaifi ba.

A fara jera komai a bushe a ga ya zauna. Sannan a liƙa gaba, ƙasa, sama da baya a kan wannan gefen, ana duba kowace kusurwa da sikwaya, a ƙarshe a sa allon tsakiya a kan layinsa. Allon baya yana farawa ne daga sama, don haka zai bar kafa mai santimita 3.5 a ƙasa, ita ce bakin fita. Idan za a sa sukuru a gefen filawud, a fara huda masa siririn rami, in ba haka ba katakon zai tsage. Bayan gam ya kama, a bi dukkan mahaɗai ta ciki da ƙarin gam ana shafawa da yatsa.

Gargaɗi mafi girma a aikin nan yana kan allon tsakiya. Idan iska tana ratsawa ta gindinsa ko ta gefensa, sauti zai yanke daga gaba zuwa baya ba tare da ya bi tsawon da aka lissafa ba, kuma bes ɗin zai ɓace ba tare da an ga dalili daga waje ba. A haska tocila ta ɗaya ɓangaren a ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya ɓullo, nan ne za a sake cikewa. A bar gam ya kwana ya bushe. Gefe na biyu kuwa kada a liƙa shi tukuna.

7. Waya da raga

A huda ƙaramin rami a allon tsakiya, a zura waya daga matattarar baya zuwa wurin lasifika, a bar mata rarar da za ta ba da damar fito da lasifikar waje, sannan a toshe ramin da gam sosai. A liƙa wayar a jikin katako don kada ta riƙa karkarwa. A bakin fita kuma a kafa ragar sauro ta ciki, domin rami mai duhu da auduga a ciki wuri ne da zanzaro, kyankyasai da ɓeraye suke so, kuma da zarar an rufe akwatin babu hanyar fitar da su. A haɗa wayar da lasifikar da dalma cikin hanzari, kada zafi ya daɗe a kan ƙafarta, a liƙa siririn soso a ƙarƙashin bakinta kafin a ɗaure sukurori, ana ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a gicciye.

8. Auduga

Wannan mataki shi ne yake bambanta akwati mai daɗin sauraro da wanda aka yi asarar katako a kansa. Aikin audugar shi ne ta shanye sautukan tsakiya da ke yawo a cikin hanyar, ta bar bes ya wuce. A auna giram 50 ga kowane akwati a kan sikeli, kada a yi kintace da hannu. A tsefe ta sosai har ta tashi ta yi sako-sako, babu dunƙule ko ɗaya, sannan a shimfiɗa ta a kashi biyu cikin uku na farkon hanyar: dukkan ɓangaren gaba daga daɓe har sama, da kwanar sama, da kusan santimita 15 na farkon gangarowa ta baya. Sauran hanyar har bakin fita a bar ta fayau. A bayan maganaɗisun a bar ɗan fili kamar faɗin yatsu biyu, kuma a tabbata babu zaren da ke taɓa takardar lasifikar. A maƙale audugar a jikin katako da 'yan ƙusoshi ko ɗigon gam nan da can, musamman ta baya, don kada ta zame ta toshe ƙasa bayan wasu watanni.

Yanzu a liƙa siririn soso a kan dukkan gefunan da gefe na biyu zai kwanta a kai, har da gefen allon tsakiya, a ɗora shi, a matse da ƙarfen matsi ko da robar tub.

9. Gwaji da daidaitawa

A fara da batirin tocila mai bolt 1.5. A taɓa kansa mai alamar tarawa da jar ƙafar matattara, ɗaya kan kuma da baƙar. Takardar lasifikar ya kamata ta turo waje. Dole akwatunan biyu su yi haka, domin idan ɗaya ta juya, za su riƙa kashe bes ɗin juna.

Sannan a sauke manhajar fitar da sauti a waya, a haɗa da amfilifaya da ƙaramar murya, a riƙa hawa a hankali daga Hz 40 zuwa 400. A wajen 65 zuwa 75 za a ga motsin takardar ya ragu alhali tafin hannu yana jin iska mai ƙarfi a bakin fita, kuma wannan ce alamar hanyar tana aikinta. A saurari zuzu ko fito a jikin akwatin, a bi shi da kunne har a gano inda yake. Daga nan a koma ga muryar mutum, misali mai karanta labarai wanda kunne ya saba da shi. Idan muryar ta kumbura tana amo, ko wani sauti tsakanin 200 da 400 ya yi tsalle ya fi maƙwabtansa, audugar ta yi kaɗan, a ƙara giram 10. Idan bes ya rame kuma bakin fita ya yi shiru, ta yi yawa, a rage giram 10, a fara ragewa daga ɓangaren baya. A canja abu ɗaya kawai a kowane zagaye, a rubuta nauyin a takarda, a kuma yi wa akwati na biyu daidai abin da aka yi wa na farko.

Gargaɗi: a ƙasa da sautin da aka daidaita hanyar a kai, babu abin da ke riƙe takardar lasifikar, kuma tafiyarta 'yan milimitoci ne kawai. Kada a ƙure murya a Hz 40 ko 50, kuma kada a murɗa maɓallin bes na amfilifaya har ƙarshe. Ƙaramar amfilifaya irin wadda ake sayarwa da lambar TPA3116, wadda ke aiki da bolt 12 zuwa 24 har ma a kan batirin sola, ta fi ƙarfin abin da waɗannan lasifikoki suke buƙata.

Idan bayan an gama da auduga sautin yana da kaifi, sama ta rinjayi ƙasa, dalilin shi ne siririn akwati irin wannan yana watsa sautukan da ke ƙasa da wajen Hz 700 ta ko'ina, na sama kuma yana tura su gaba. A fara matsar da akwatin kusa da bango. Idan bai wadatar ba, a haɗa kwayil mai mH 0.8 zuwa 1 (mH shi ne ma'aunin kwayil) da rezisto mai om 3.9 da wat 10 kafaɗa da kafaɗa, wato kowace ƙafar ɗaya a haɗe da ta ɗayan, a sa su a kan jar waya kafin lasifikar om 8. Ga mai om 4 a raba lambobin kwayil da om ɗin biyu. A gwada su a waje tukuna, sai an gamsu a kafa su a daɓen ɓangaren gaba, nesa da maganaɗisu.

10. Rufewa, fenti da wurin ajiyewa

Sai an yi kwanaki ana sauraro an gamsu sannan za a cire soson wucin gadi, a goge gefunan, a shafa gam ko'ina har da gefen allon tsakiya, a liƙa gefe na biyu a matse shi ya kwana. A cire lasifikar kafin guga da fenti, a toshe raminta da bakin fita da takarda don ƙura kada ta shiga audugar. A goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, a ɗan zagaye kusurwoyin gaba, a shafa banish ko fenti shafi biyu zuwa uku, ana kula da gefunan filawud da ƙasan akwatin inda laima ke fara shiga.

A ɗora akwatunan a kan abin da zai kawo lasifikar daidai kunnen mai zaune, a sa musu ƙananan ƙafafun roba don kada teburin ya riƙa amsawa. Tunda bakin fita yana baya, a bar tazarar santimita 15 zuwa 30 tsakaninsa da bango: matsawa kusa yana ƙara bes, ja baya yana rage shi, amma manna shi da bango yana toshe hanyar. Tsakanin akwatunan biyu a bar mita 1.5 zuwa 2, mai sauraro ya zauna a tazara kamar wannan daga kowannensu, a ɗan karkato fuskokinsu su dube shi, kuma a guji cusa ɗaya a lungun ɗaki alhali ɗayan yana fili, domin na lungun zai fi ɗan'uwansa bes.